Kitse a Cikin Dambun Esther

Shekara shida ke nan Ladi ba ta sa nama a bakinta ba. Ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ko man shanu ba ta taɓawa. Abin ya faro ne daga ciwon mijinta Bulus, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati, wanda hawan jini da ciwon ƙoda suka kwantar. Likita ya ce ya rabu da nama. Bulus kuwa mutum ne da in bai ga tsoka a miya ba sai ya ture kwanon. Don kada ya riƙa jin ƙamshi yana haɗiyar miyau, Ladi ta hana nama shiga gidan gaba ɗaya, ita ma ta bari, ta shiga neman dabarar da za ta sa awara ta maye masa gurbin abin da ya rasa.

Dabarar ta zo mata ne bisa kuskure. Wata rana ta manta da awara a firiza har ta ƙanƙare. Da ta narke ta matse ta, sai ta ga ta yi ramuka kamar soso, ta yi tauri, tana shan kayan ƙamshi har ciki. Ta jiƙa ta da daddawa da citta da tafarnuwa da masoro, ta tsire ta a tsinke, ta barbaɗa ƙuli, ta gasa a kan gawayi. Bulus ya ci tsinke huɗu, sannan ya tambaye ta ko likita ya janye dokarsa ne.

Ya ƙara shekara biyu a duniya yana cin tsiren nan, sannan ya rasu. Dangi sun ɗauka za ta koma cin nama bayan an gama makoki, amma ba ta koma ba. Ta ce jikinta ya yi mata sauƙi, kuma yanzu ko ƙarnin layin mahauta ba ta iya jurewa. 'Yarta Joy, da ke karatu a Zariya, ta ce mata ai a duniya akwai masu irin wannan rayuwar da yawa, har ƙungiyoyi gare su. Ladi ta ce ita ba ta san su ba, wake ta sani.

Ta kafa rumfa a ƙofar gidanta a Unguwar Dosa. Tana yin tsiren awara da dambun awara da wani mai kama da kilishi. Yawancin masu saye Musulmi ne na unguwar da na Badarawa, musamman waɗanda likita ya hana nama. Cikinsu akwai Malam Aliyu, dattijo mai koyar da Alƙur'ani a wani zaure a Badarawa, wanda ciwon gaɓɓai da hawan jini suka raba da jan nama. Kullum bayan la'asar sai ya dogara sandarsa ya zo da kansa, ya zauna a benci, su taɓa hira kafin tsiren ya gasu.

Esther kuwa ƙawar Ladi ce tun suna yara a Zonkwa. Coci ɗaya suke zuwa, kujera ɗaya suke zama a zumuntar mata. Da makarantar kuɗin da Esther ke koyarwa ta sallame ta, Ladi ta ce ta zo su yi aiki tare. Ba abin da ta ɓoye mata: awa nawa wake ke jiƙa, ruwan tsami nawa ake zubawa, sirrin firiza, har yawan daddawar da ke ba da ɗanɗano ba tare da ta yi wari ba. Bayan wata takwas Esther ta ce za ta buɗe nata shagon a Badarawa. Ladi ta sa mata albarka, ta ɗauki babbar tukunyarta guda ta ba ta.

Shagon Esther bai yi kasuwa ba. Mutane suna wuce shi su zo Unguwar Dosa. Haka aka yi wata uku, sai Ladi ta ga nata mutanen sun fara raguwa. Wadda ta saba aiko da kwano ta daina. Wanda ya saba tsayawa da babur ya riƙa wucewa bai ko waiwayo ba. Wata Talata ta gasa tsire tun azahar har ya bushe a kan waya, ba wanda ya zo.

Da la'asar sai ga Malam Aliyu. Bai zauna a benci ba, ya tsaya daga nesa kaɗan.

"Maman Joy, na zo ne in gaya miki ido da ido, don ba na son in ɓace miki haka kawai," in ji shi.

"Lafiya, Malam?"

"Magana ce ke yawo. An ce da man alade kike suya, shi ya sa naki ya fi na kowa daɗi."

Ladi ta ajiye mafici. "Malam, ni da ko ƙwai ba na ci? Wa ya faɗi haka?"

"Wadda ta yi aiki a kicin ɗinki. Ta ce ita 'yar gida ce, da idonta ta gani." Ya sunkuyar da kai. "Ban ce na gaskata ba. Amma abu in ya shiga kokwanto, mai irin matsayina barinsa yake yi. Iyayen yara suna kallon inda nake sa ƙafa."

Bayan kwana biyu wasu matasa suka zo suka kifar mata da murhun gashi, suka yi watsi da tsinkaye a kwata. Wani ya jefi ƙyauren gidan da dutse. Ladi ta kulle kanta a ɗaki, domin ta daɗe a Kaduna, ta san inda irin wannan maganar kan kai mutane. Mai unguwa ne ya zo da dattawa biyu suka kore su, suka shiga kicin ɗin suka duba ko'ina. Ba su ga komai ba sai jarkar man gyada da buhun wake. Mai unguwa ya faɗa wa jama'a haka, amma magana zarar bunu ce. Waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi ta tare Esther a bayan coci.

"Me na yi miki?"

"Ni fa tambayata aka yi, na faɗi abin da na gani," in ji Esther, idonta a kan jakarta.

"Me kika gani?"

"Ladi, ki bar maganar nan, muna gidan Ubangiji." Ta gyara ɗankwalinta ta wuce.

Kafin wata guda duk mutanen Ladi sun koma shagon Esther. Esther ta sa allo a ƙofa, an rubuta da babban baƙi cewa ba nama, ba kitse, tsiro ne zalla. Ta ɗauki wata mata Musulma tana tsaya mata a gaban shago don hankalin kowa ya kwanta. Aka fara cewa dambunta ma ya fi na Ladi, kamar na naman gaske.

Wannan yabon ne ya tsaya wa Ladi a rai. Ita ta koya wa Esther, ta san iyakar hannunta. Da Joy ta zo hutu, ta aike ta ta sayo dambun. Ladi ta ɗebi kaɗan ta sa a baki, ta tauna sau biyu, ta tashi da sauri ta tofar a bayan gida. Wani abu mai nauyi ya manne mata a saman baki, abin da rabonta da jinsa shekara shida. Ta kuskure baki sau uku bai fita ba.

"Kitsen sa ne," ta ce wa Joy. "Har da romon ƙashi."

Washegari da sassafe ta rufe hanci da gyale ta shiga layin mahauta a kasuwa, ta laɓe bayan wata rumfar kayan miya. Ba ta daɗe ba sai ga Esther. Wani mahauci ya miƙo mata baƙar leda a ƙulle, ta jefa a jaka ta fita da sauri. Ladi ta ƙarasa wurinsa. Sunansa Dauda, ya san ta tun zamanin da take saya wa Bulus nama.

"Me matar nan ke karɓa?"

"Kitse da ƙashi, kullum safe. Ta ce karnuka take kiwo."

Da ta dawo gida ta ba Joy labari, Joy ta miƙe tsaye. "Mama, mu je mu gaya wa mai unguwa yanzu. Marasa lafiya ne fa ke cin abin nan. Malam Aliyu kullum can yake saye."

"Zauna."

"Mama..."

"Na ce ki zauna. In na faɗa yau, za a ce hassada ce, ita kuma ta zubar da tukunya ta wanke kafin a iso. A kunnen mutane ta kashe ni, ɗaya bayan ɗaya. Ni a gaban idonsu zan yi nawa, gaba ɗaya, rana guda."

Ta riga ta san ranar. Akwai wata ƙungiya ta masu cin tsiro zalla da Hajiya Ummulkhairi, wata tsohuwar nas, ta kafa. Yawancinsu masu ciwon suga ne da hawan jini, sai wasu 'yan matasa da suka bar nama don tausayin dabbobi. Da can Ladi ce ke yi musu girki in suna taro. Bana an sanar cewa Esther ce za ta ciyar da babban taronsu na shekara, kuma a ranar za a naɗa ta mai girkin ƙungiya. Saura mako bakwai.

Mako bakwai ɗin nan Ladi ba ta gaya wa kowa ba sai Dauda. A coci tana gaishe da Esther, har ta yi mata murna. A gida tana gwaji. Sau huɗu ta sa aka sayo dambun, tana zuba masa ruwan zafi, tana sa ƙanƙara, tana kallon abin da ke tasowa, har ta san daidai yawan ruwan da daidai mintunan. Ta koma wurin Dauda ta gaya masa gaskiyar inda kitsensa ke zuwa. Ya ce mahaifiyarsa ma mai hawan jini ce, kuma ƙanwarsa tana sayo mata dambun nan. Ya ce ko'ina ne zai zo ya faɗa. Ladi ta ce ya hana tsohuwar cin dambun, amma ya kama bakinsa sai ranar.

Sau da yawa in ta je kasuwa ta Badarawa da yamma takan hango Malam Aliyu ya nufi shagon Esther. Tafiyar tasa ta canza. Da can sanda ɗaya ce yake dogarawa sama-sama, yanzu sai ya tsaya ya huta a jikin bango, ƙafar dama ko takalmi ba ta shiga sosai. Rana ɗaya har ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka titi wurinsa. Sai ta tuna yadda ya tsaya mata daga nesa kamar mai gudun ƙazanta, ta tuna ƙarar dutse a jikin ƙyaure. Ta ce a ranta shi ya zaɓa, ta juya ta kama hanyarta.

Ranar Asabar ɗin taron, da hantsi, ta yi wanka ta ɗaura atamfar da ta fi so. Ta ɗauki fulas na ruwan zafi, da ƙaramar kula cike da ƙanƙara, da kwanon gilashi. An yi taron a zauren wata makarantar firamare a Unguwar Dosa, mutum kusan saba'in. Da ta shiga, hira ta ɗan tsaya, wasu suka kau da kai. Ta nemi kujera a layin gaba ta zauna, ta ajiye kayanta a ƙarƙashi.

Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista. Wani likita ya yi bayani a kan gishiri. Sannan aka kira Esther, ta fito cikin leshi, ta karɓi lasifika ta ce ita ba don kasuwa take wannan aiki ba, don lafiyar al'umma ne, kuma duk abin da ya fito daga tukunyarta daga gona ya fito. Aka tafa. Aka fara raba dambu a faranti.

Ladi ta ɗaga hannu.

"Hajiya, ina neman minti biyar, kafin kowa ya ci."

Hajiya Ummulkhairi ta dube ta ta saman tabarau. "Maman Joy, in maganar baya ce, ba nan ne wurinta ba."

"Ba magana zan yi ba, Hajiya. Abu zan nuna. In na yi ƙarya ki sa a fitar da ni, kuma ba zan sake gasa awara a garin nan ba."

Hajiya ta matsa mata daga gaban tebur. Ladi ta roƙe ta ta ɗebo dambun da hannunta daga kular Esther, don kada a ce ita ta sa wani abu. Hajiya ta ɗebo cokali uku ta zuba a kwanon gilashin. Ladi ta tsiyaya ruwan zafi ta juya, mai ya taso sama yana ƙyalli. Ta zuba ƙanƙara ta koma gefe ta harɗe hannu.

"Man gyada ko an sa masa ƙanƙara ba ya zama dutse," in ji ta. "Duk macen da ke nan ta sani."

Kowa ya zuba wa kwanon ido. Esther ta yi 'yar dariya ta ce wannan wane irin wasa ne, amma ba wanda ya taya ta. A hankali man da ke sama ya fara yin fari, ya haɗe, ya daskare. Hajiya ta sa cokali ta ɗago shi, ya fito falle guda, ya karye biyu.

"Man kwakwa ne," in ji Esther da sauri. "Ina ɗan sa man kwakwa."

Hajiya ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. Ta miƙa wa matar da ke kusa da ita, ita ma ta sansana ta miƙa gaba.

"Na fi shekara hamsin ina girki, Esther," in ji Hajiya. "Na san kwakwa, na san kitse."

Ladi ta leƙa ƙofa ta yafito Dauda. Ya shigo da hularsa a hannu, ya faɗi sunansa da rumfarsa, ya ce wata biyar ke nan yana ba matar nan kitse da ƙashi kowace safiya, ta ce masa na karnuka ne.

Wata budurwa da ta shekara huɗu ba ta ci abin da ya fito daga dabba ba, wadda ta riga ta kai loma biyu, ta toshe baki ta fita da gudu. Wani tsoho ya ture farantinsa har ya faɗi ƙasa. Hayaniya ta tashi. Esther ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da gyale tana kuka, tana cewa kaɗan ne take sawa, don ɗanɗano kawai, ba ta yi nufin cutar da kowa ba.

Ladi ta ɗauki lasifikar daga kan tebur ta ƙarasa gabanta. Ta janye gyalen daga fuskarta.

"Ban gama ba. Gaya musu man aladen da kika gani a kicin ɗina."

"Ladi, don Allah..."

"A wace roba yake? Wace rana? Gaya musu."

"Ban gani ba," in ji Esther can ƙasa.

Ladi ta kanga mata lasifikar a baki. "Na baya ba su ji ba."

"Ban ga komai ba. Ƙarya na yi."

Muryar ta fita har waje. Wayoyi da yawa suna sama suna ɗauka. Ladi ta ajiye lasifikar, ta zubar da ruwan kwanonta a bakin taga, ta tattara kayanta ta fita. Hajiya tana kiranta ba ta tsaya ba. A hanya ta ji ƙafafunta kamar ba a ƙasa suke ba, kuma ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa ba daɗi take ji ba.

Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin Unguwar Dosa da Badarawa har Kinkinau. Ranar Litinin shagon Esther a rufe yake, an cire allon. Mutanen Ladi suka fara dawowa, wasu da ban haƙuri, wasu kamar ba abin da ya faru. Wasu kuma ba su dawo ba har yau, sun ce daga ita har Esther ba wanda za su ƙara yarda da shi.

Malam Aliyu bai je taron ba, yana kwance, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Ranar Laraba Ladi ta gasa tsire ta naɗe ta tafi duba shi. Matarsa ta shigar da ita, ta same shi a kan tabarma an tokare ƙafar da matashi.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Maman Joy. An nuna mini abin a waya. Na zalunce ki, ki yafe mini."

"Ya wuce, Malam."

Ya ja carbinsa. "Mahaucin nan ya ce wata biyar. Ke tun yaushe kika sani?"

Ta yi niyyar ta ce kwanan nan ne. Bakinta ya ƙi.

"Mako bakwai kafin taron."

"Kina ganina ina wucewa."

"Ina ganinka."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ba wanda zai iya rantsewa cewa dambun ne ya kumbura ƙafar, shi ma bai ce haka ba. Ya dai ce, "To. Na cuce ki da zato, kin rama da shiru. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya sa matarsa ta karɓi tsiren, ya yi godiya, ya juya fuskarsa bango ya ce zai ɗan kwanta.

A coci matar fasto ta kira su biyu har sau biyu don a sasanta. Ladi ta je na farko, ta saurari ayoyin da aka karanta, ta ce ta ji. Na biyu ba ta je ba. Zumuntar mata ta rabu, wasu suna cewa Esther ta girbi abin da ta shuka, wasu suna cewa Ladi ta wuce gona da iri, ai da ta same ta a ɗaki. Ladi ta ce wa ɗaya daga cikinsu, ranar da aka jefi ƙofarta da dutse ba ta ga kowa a ɗakin ba.

Bayan wata biyu Esther ta haɗa kayanta za ta koma wurin yayanta a Kafanchan. Da safen ranar tafiyar ta zo Unguwar Dosa. Ta sami Ladi a tsakar gida tana tace niƙan wake, hannu duk fari har gwiwar hannu. Esther ta rame, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Zan tafi yau. Na ce ba zan bar garin ba sai na zo. Ki yafe mini, Ladi."

Ladi ta ci gaba da matsa ƙyallen, ruwan waken yana zuba a baho.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji ta. "Ki gaida Yaya da iyalinsa. Yafiya kuwa ba ni da ita yanzu, ba zan ce miki ina da ita ba."

Esther ta daɗe a tsaye, ko za a ƙara wani abu. Mai Keke Napep da ke jiranta a waje ya danna hon. Ta share ido ta juya. Ladi ta ji tashin keken har ƙararsa ta ɓace, sannan ta ɗauki bahon ta kai bakin murhu, domin wutar ta kama kuma mutum uku sun ce za su aiko kafin azahar.